Abin da Ya Ƙarar da Ungulayen Indiya

Hanta ita ke sarrafa magani a jiki, amma ta mutum dabam, ta dabba dabam. Bayan 1990 makiyayan ƙasar Indiya suka shiga yi wa shanu allurar diclofenac, watau maganin ciwon gaɓɓai na mutane. Ungulaye suka ci mushe, jikinsu ya kasa fitar da maganin, ƙodarsu ta lalace. A cikin kowace ɗari, ko biyar ba su tsira ba. Sai a 2004 masana suka gano dalili, a 2006 hukuma ta hana ba shanu shi.

To, makiyayan Baure, kada a ba dabba maganin mutum sai da shawarar malamin dabbobi. Kyanwa ma, ƙwayar paracetamol ɗaya tana iya kashe ta.