Karen da ya zauna a akwatin shaida

Hutun nan a Dutse Alhaji nake yin sa, kuma duk wanda ya kwana a unguwar ya san haushin karnuka da tsakar dare. Jiya ƙanwata ta ce wai kare ba shi da wani amfani sai gadi da farauta. Na ce mata ta zauna in ba ta wani tarihi, sai na ga gara ku ma in kawo muku shi, 'yan uwa ɗalibai. Zancen ya taɓo fyaɗe, wanda ba zai iya ba ya wuce abinsa.

Abin ya faro ne daga yaƙi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Jamus da yawa sun koma gida a makance saboda iskar guba, sai wani likita, Gerhard Stalling, ya buɗe makarantar horar da karnuka a garin Oldenburg a 1916. Aikin da yaro ɗan jagora ke yi wa makaho a nan wajenmu, shi aka koya wa kare. Wata Ba'amurkiya, Dorothy Eustis, ta rubuta labarin irin wannan makaranta a 1927, aka karanta wa wani saurayi makaho mai suna Morris Frank. Ya tafi Suwizalan ya dawo da karya mai suna Buddy, a 1929 suka kafa makarantar Seeing Eye a Amurka.

Duk wannan maganar ido ce. Ciwon zuciya sai daga baya. Boris Levinson, masanin halayyar yara a New York, ya lura wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa Jingles. Ya wallafa abin da ya gani a 1962, abokan aikinsa da dama suka mai da shi abin dariya. Amma dokar naƙasassu ta Amurka, a gyaran da ya soma aiki a 2011, ta ambaci karen da aka horar don kwantar da hankalin mai ciwon firgici a cikin karnukan da ke da izinin shiga wuraren jama'a.

To me karen yake yi? Wadda aka yi wa fyaɗe sau da yawa jikinta ba ya yarda cewa abin ya wuce. Barci ya gagara, taku a bayanta ya sa gabanta faɗuwa, cunkoso irin na kasuwar Dutse ranar Asabar ya zame mata azaba. Ana koya wa karen ya tashe ta in ta shiga mugun mafarki. In numfashinta ya fara sarƙewa ya ɗora nauyinsa a cinyarta har ta dawo hayyacinta. A layi ya tsaya tsakaninta da mutane, in sun dawo gida ya riga ta shiga ɗaki ya duba. Horon kan ci kusan shekara 2, da kuɗi masu kauri. Kuma masu binciken kansu ba su ce ya maye gurbin likita ba, taimako ne a kan magani.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne kotu. A 2003 wata lauyar gwamnati a Seattle, Ellen O'Neill-Stephens, ta fara zuwa aiki da Jeeter, karen ɗanta mai naƙasa, ta ga yadda yara ke samun natsuwa da shi. A 2011, a garin Poughkeepsie na jihar New York, yarinya 'yar shekara 15 ta tsaya ba da shaida cewa mahaifinta ya yi mata fyaɗe. Ku ɗan tsaya ku hango: ga uban yana kallonta, ga lauya na jefa mata tambayoyi. Alƙali ya yarda wata karya mai suna Rosie ta kwanta a ƙafafunta, in magana ta maƙale mata sai ta shafa ta, ta ci gaba. Aka kama shi da laifi. Lauyoyinsa suka ɗaukaka ƙara, suka ce karya ba ta bambance tsoron mai gaskiya da na maƙaryaci, ganinta kuma na sa masu yanke hukunci tausayi. Gaskiya hujjar ba ta banza ba ce, ni ma na daɗe ina juya ta. Kotun ɗaukaka ƙara dai ta tabbatar da hukuncin a 2013. A Janairun 2018, da mata sama da 150 suka yi bayani gaban kotu a Michigan kan likita Larry Nassar, baƙin kare mai suna Preston na jiran su a bakin ƙofa.

Na san wani zai ce mu da kare ai sai daga nesa. Haka muka taso, ni ma in na hango shi canja hanya nake yi. Sai dai a mazhabar Malikiyya da aka karantar da mu, kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gona. Ko lalurar mara lafiya za ta shiga wannan sahu, wannan na malamai ne, ba nawa ba.

Abin da ya dame ni ba karen ba ne ma. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 tana aiki a nan Abuja, NAPTIP ke kula da ita, kuma ta ba wanda aka zalunta haƙƙin samun kulawar likita da ta ƙwaƙwalwa da ta shari'a. A 2019 mun ga ArewaMeToo, mun ga binciken BBC kan malaman jami'a masu neman ɗalibai da maki, mun kuma ga zagin da masu magana suka sha. Waɗancan mutane sun shafe shekaru suna gardama kan wa zai zauna kusa da yarinya lokacin da take faɗin abin da aka yi mata. Ku da ke Makarantar Lauyoyi ta Bwari, nan kusa da mu, ranar da irin wannan yarinya za ta ba da shaida a gabanku, wa doka ta yarda ya zauna a gefenta?