Matsayin Kumburi a Ciwon Zuciya da Shanyewar Ɓarin Jiki

An daɗe ana koyar da cewa kitse ne ke taruwa a jijiyar jini har ya toshe ta, kamar yadda laka ke cike magudanar ruwa. Bayanin bai cika ba. Tun ƙarni na 19 masanin Jamus Rudolf Virchow ya lura da kumburi a bangon jijiyoyin da suka lalace, amma maganar ba ta samu gindin zama ba sai da Russell Ross ya farfaɗo da ita a 1999.

Idan kolestarol ya kutsa bangon jijiya, garkuwar jiki kan ɗauke shi a matsayin baƙo, fararen ƙwayoyin jini su yi masa rubdugu. Wannan artabu ne ke raunana fatar da ta lulluɓe kitsen. Ranar da ta tsage, sai jini ya daskare a wurin. In a zuciya ne, a ce bugun zuciya. In a hanyar ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 2017, daga gwajin CANTOS da Paul Ridker ya jagoranta kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya. Maganin kumburi mai suna canakinumab ya rage sake aukuwar matsalar da kimanin kashi 15 cikin ɗari ba tare da ya taɓa kolestarol ba. Ke nan kumburi sanadi ne, ba alama kawai ba. Sai dai maganin ya ƙara yawan masu mutuwa daga cututtukan da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, abin da masu zumuɗi kan tsallake.

Ba kowane maganin kumburi ne ke aiki ba. Methotrexate bai tsinana komai ba. Colchicine, tsohon magani mai araha, ya taimaki masu ciwon zuciya a wani gwaji da aka jagoranta daga Montreal a 2019, amma gwaje-gwajen 2024 kan masu shanyewar jiki ba su nuna fa'ida ƙarara ba. A ganina, a ɓangaren ƙwaƙwalwa har yanzu da sauran rina a kaba.

Saboda haka kada wani ya ji an ce kumburi ya garzaya kemis ya sayi diclofenac: irinsa ƙara haɗarin zuciya yake yi. A Nijeriya hawan jini ne kan gaba wajen shanyewar jiki, kuma shi da taba sigari da ciwon sukari suna cikin masu rura kumburin. Mai son kare jijiyoyinsa ya fara da awon hawan jini.