Ruwan Tibiri: Gubar da Ido Ba Ya Gani

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. In ya sauya ɗanɗano ko launi, to akwai dalili. Sai dai tarihin garin Tibirin Gobir ya nuna cewa akwai ruwan da ba ya tsami, ba ya wari, garai yake a cikin ƙwarya, alhali yana cin ƙashin yaro sannu a hankali.

Tibiri tsohon gari ne kusa da Maraɗi. Nan sarautar Gobir ta sake kafuwa a ƙarni na 19, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, kuma har yau nan fadar Sarkin Gobir take. Kamar sauran garuruwan bakin Gulbin Maraɗi, ruwan rijiya mutanen garin suka gada. A shekarar 1985, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga fari ba, aka fara ba garin ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ga matan da suka saba da guga da igiya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, ruwan ya fito da sinadarin fuloraid mai yawa. Ba wani ne ya zuba shi ba. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita, ruwan Tibiri kuwa ya ninka wannan fiye da sau uku.

Babba ƙashinsa ya riga ya ƙosa, yaro kuwa nasa yana kan ginuwa, don haka a jikin yara cutar ta fi bayyana. Haƙora suka rine suka yi ja. Ƙafafu suka gwame, wasu kawunansu suka yi girma fiye da ƙima, wasu tafiya ta gagare su. Dubban yara abin ya shafa, ɗaruruwa daga cikinsu suka nakasa. Kamfanin ruwa na gwamnati, wato SNE, ya ci gaba da raba ruwan har wajen shekarar 2000. Kusan shekara 15 ke nan: jaririn da aka haifa a shekarar da famfo ya zo ya zama saurayi yana shan ruwan. A 2001 aka rusa SNE aka maye gurbinsa da SPEN da SEEN, a 2002 kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya, FIDH, ta fitar da rahoto a kan yaran Tibiri, yayin da takwararta ta Nijar, ANDDH, ta tsaya wa iyaye wajen neman haƙƙinsu.

Kada mai karatu ya ɗauka talauci ne kaɗai ke jawo irin wannan. A garin Flint na ƙasar Amurka an ga makamancinsa, sai dai can gubar dalma ce. A watan Afrilun 2014, don rage kashe kuɗi, hukumomi suka koma jawo ruwa daga kogin garin, ba tare da sa maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Da yawa daga cikin tsofaffin bututun da ke shiga gidaje na dalma ne, sai ruwan ya riƙa kankare ta yana kai wa mutane. Iyaye mata sun yi ta kuka, ana ce musu ruwa lafiya lau. Sai a Satumban 2015, da likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna yadda dalma ta ƙaru a jinin yaran garin, sannan aka saurara. Wata guda bayan haka aka mayar da su ga ruwan da suke sha a da.

Dalma ta fi fuloraid ɓoye kanta, domin ba ta barin alama a haƙori. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, yaro ya tashi da raunin fahimta, a ce masa daƙiƙi. Masana sun tabbatar babu wani adadinta, komai ƙanƙantarsa, da ba ya cutar da yaro. Kuma ba bututu kaɗai ne hanyarta ba. Tana cikin wasu kawunan famfo na tagulla, da tsohon fenti, da batirin mota, da kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai. A 2010 a Zamfara, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara sama da 400.

Abin da Tibiri da Flint suka haɗu a kai shi ne, iyaye sun ga alama tun kafin hukuma ta yarda. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma ko fuloraid, ƙara musu kauri ma yake yi. A gida mai tsohon bututu, a bar ruwan da ya kwana ya zuba tukuna kafin a tari na sha. Sauran aikin kuwa na ɗakin gwaji ne. Duk garin da aka yi wa sabuwar rijiyar burtsatse, haƙƙin masu unguwanni da iyaye ne su tambaya: an auna ruwan nan? Yaushe? Ina takardar sakamakon?

Allah Ya ba waɗanda abin ya shafa sauƙi, Ya kare na baya.