Waswasi: tarihin wata cuta mai ɓoye kanta

Akwai mai wanke hannu sau hamsin a yini har fata ta tsattsage. Akwai mai kulle ƙofa ya yi nisa, ya komo ya duba, ya kuma komowa. Akwai wanda alwala ɗaya kan cinye masa awa guda. Dukansu sun san abin da suke yi ya wuce kima, amma bari ya gagare su. Likitoci suna kiran wannan lalura da Faransanci trouble obsessionnel compulsif, ko TOC a taƙaice. Bahaushe kuwa ya daɗe da aro mata suna daga Larabci, wato waswasi. Fuska biyu gare ta: tunanin da ke kutsowa zuciya ba da son mai ita ba, da aikin da mutum ke maimaitawa domin ya kwantar da fargabar da tunanin ya tayar.

Malaman Musulunci sun riga likitocin Turai yin bayani a kanta. Abu Zaid al-Balhi, wanda ya rasu a 934, ya keɓe mata babi a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya lissafa ta cikin cututtukan da ake yi wa magani, ya kuma gargaɗi mai ita da ya guji kaɗaici da zaman banza. A Ƙairawan, Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ya ware hukunci na musamman a Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa har yau. Mutumin da shakka ta aura, wanda malamai ke kira mustankihi, an umurce shi ya yi watsi da shakkar, kada ya koma gyaran salla, sujadar ba'adi ta ishe shi. Malaman fiƙihu sun lura cewa biye wa kokanto ƙara masa ƙarfi yake yi.

A Turai ma ta ƙofar addini aka fara saninta, domin limaman coci ne ke fama da masu zuwa neman gafara kan zunubi ɗaya ba iyaka. Sai a ƙarni na 19 ta koma hannun likitoci. A 1838 Esquirol ya kawo labarin wata mata mai tsoron kada ta tafi da kuɗin da ba nata ba: takan kakkaɓe tufafinta, ta murza yatsunta, alhali tana faɗa da bakinta cewa tsoron ba shi da tushe. Wannan ya ɗaure wa likitoci kai, don a saninsu mahaukaci bai san yana hauka ba. A 1875 Legrand du Saulle ya rubuta littafi a kan abin da ake kira a lokacin haukan shakka, sannan a 1877 Bajamushe Westphal ya nuna cewa hankalin masu wannan cuta lafiya lau yake, tunanin ne ke yi musu dole.

Daga nan bincike ya bi wata hanya mai tsawo. A 1909 Freud ya wallafa labarin wani saurayi da tunanin azabar ɓeraye ya addaba, ya fassara cutar da rikicin da ke binne a zuciya tun yarinta. Shekara hamsin aka yi ana tonon ma'anar tunanin marasa lafiya, waraka kuwa ƙalilan ce. Wasu ma an kai su ga fiɗar ƙwaƙwalwa mai haɗari. Cutar ta yi suna a matsayin wadda ba ta jin magani.

A 1966 ne al'amari ya juya. Victor Meyer, masanin halayyar ɗan Adam a wani asibitin Landan, ya gwada wata dabara a kan mata biyu: a kusantar da su ga abin da suke tsoro, masu jinya kuma su hana su aikin da suka saba. Fargaba ta hau, ta daɗe, sannan ta sauka da kanta, bala'in da suke jira kuma bai zo ba. Dalilin a fili yake. Wankin hannu kamar susar ƙazuwa ne: daɗi yanzu, ƙarin ciwo an jima, domin kowane wanki yana koya wa zuciya cewa shi ya tserar da ita. A 1978 Rachman da de Silva suka gano cewa mafi yawan masu lafiya ma miyagun tunani kan gilma musu. Bambancin shi ne su ba su tsayawa kokawa da su.

Magungunan sha sun biyo baya. A 1967 likitocin Sifen suka ba da rahoton amfanin clomipramine, wanda Amurka ta amince da shi a 1989, sannan irin su fluoxetine suka zo. Sukan taimaki wajen rabin masu shan su, bayan mako 8 zuwa 12. Wani babban bincike na Amurka da aka buga a 1988 ya nuna cewa mutum 2 zuwa 3 cikin 100 kan gamu da cutar a rayuwarsu, alhali da ana zaton ba kasafai ake samunta ba. Kunya ce ta ɓoye ta.

Wannan tarihi ya shafi malamin makaranta, domin sau da yawa cutar tana somawa ne tun ƙuruciya ko lokacin balaga. Ɗalibin da ke goge rubutu har takarda ta huje, ko mai tambaya ɗaya sau goma don a tabbatar masa bai yi kuskure ba, ba taurin kai ke damunsa ba, ba kuma raunin imani ba. Bulala ba ta warkar da shi, yawan ba shi tabbaci kuma ciyar da shakkar yake yi. Abin da yake buƙata shi ne a gaya wa iyayensa sunan lalurar, a sada shi da likita, a kuma koya masa sannu a hankali abin da Ibn Abi Zaid ya hukunta, Meyer ya gwada bayan kusan shekara dubu: shakka ta zo, a ƙi amsa mata.