Gidan Kula da Tsofaffi: Zaɓen Fili da Tsarin Gini

Gidan kula da tsofaffi wuri ne da ake tanadarwa dattawa maza da mata waɗanda ƙarfinsu ya ja baya, suna iya yin wasu abubuwa da kansu amma suna buƙatar mai taimaka musu wajen wanka, abinci da shan magani. Ya bambanta da asibiti, domin zama ake yi a cikinsa ba jinya ba. A al'adarmu 'ya'ya da dangi ne ke riƙe tsohonsu, kuma babu mai neman a sauya haka. Sai dai akwai waɗanda ba su da kowa, akwai kuma waɗanda rikici ko ƙaura ta raba su da nasu. Domin irinsu ne ƙananan hukumomi, masarautu da ƙungiyoyin taimakon juna kan yi tunanin gina irin wannan gida. An shirya wannan bayani ne domin amfanin jami'an sassan ayyuka da jin daɗin jama'a, da hakimai da dagatai, da duk magidancin da ke son gyara wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗaki.

Abin da doka ta tanada

A watan Janairun 2019 aka sanya hannu a kan dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta wajabta cewa duk ginin da jama'a ke shiga ya kasance mai sauƙin shiga ga mai keken guragu da wanda ba ya gani, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara tsofaffin gine-gine, wanda ya cika a Janairun 2024. Jami'in da ya amince da taswirar ginin da ta saɓa wa wannan ƙa'ida yana iya fuskantar tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. A shekarar 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa game da tsufa, a shekarar ce kuma Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ta fara aiki a Abuja. Game da fili, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba birni ba, gwamna kuma shi ke ba da ta cikin birni. A kammala takardun fili kafin a sauke yashi ko da tifa ɗaya.

Zaɓen fili

A nan ne aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Sau da yawa filin da aka fi saurin bayarwa kyauta shi ne wanda kowa ya ƙi: bayan gari, bakin kududdufi, ko wani kwari da ruwa ke kwanciya. Tsoho da aka kai irin wannan wuri an raba shi da masallaci, da kasuwa, da masu leƙowa su gaishe shi, kuma kaɗaici yana karya dattijo kamar yadda ciwo ke yi. Fili ƙarami a cikin unguwa, kusa da ƙaramin asibiti, wanda mota ke iya isa ƙofarsa har a watan Agusta, ya fi fili mai faɗi da sai an yi tafiya kafin a kai gare shi.

A je a duba filin da damina bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, kada a wadatu da ganin rani. A tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2012 da ta 2022. Abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ya nuna yadda ruwa ke iya mamaye gari cikin dare ɗaya, kuma wanda ba ya iya gudu shi ne ya fi shiga haɗari. Saboda haka a guji fadama da bakin rafi da gefen kwazazzabo, komai arahar wurin.

Sai kuma yanayin ƙasar. Jan ƙasa mai marmara tana ɗaukar gini sosai. Jigawa mai yashi ma ba ta da laifi idan an faɗaɗa harsashi an kuma kiyaye zaizaya. Wadda ake tsoro ita ce baƙar laka, irin wadda ake samu a yankin Tafkin Chadi da wasu sassan Gombe da Adamawa: tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage da rani, sai ta riƙa motsa harsashi har bango ya dare. A irin wannan ƙasa dole ne injiniya mai rajista da hukumar COREN ya sa a gwada ƙasar, shi ne zai faɗi zurfi da irin harsashin da ya dace. 

Ruwan sama, rijiya da masai

A ɗaga daɓen ɗakuna sama da tsakar gida, a kuma karkatar da tsakar gidan kaɗan yadda ruwa zai bi ya fita ta kwata. Kwatar da ta ratsa hanyar mutane a rufe ta da murfin kankare. Buɗaɗɗiyar kwata tarko ce ga mai raunin gani, kuma matattarar sauro ce. A sa kwalbati a ƙofar shiga saboda motar ɗaukar marasa lafiya. Tsakanin ramin masai da rijiya a bar aƙalla mita 30, ramin ya kasance ta ɓangaren gangare, ƙasansa kuma ya tsaya aƙalla mita 1 da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Rijiyar burtsatse mai sola da tanki ta fi dacewa, domin irin wannan gida yana cin ruwa wajen wankin shimfiɗa.

Fuskar gini da zafin bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Jikin tsoho ba ya fitar da gumi yadda na matashi ke yi, kuma ba ya saurin jin ƙishirwa, don haka ɗaki mai zafi yana iya kwantar da shi. A shimfiɗa ginin tsawonsa daga gabas zuwa yamma, tagogi su fuskanci kudu da arewa, kowane ɗaki da taga biyu masu kallon juna da ragar sauro. Rufin kwano babu silin bai dace ba ko kaɗan. Baranda mai faɗi tana kare bango daga rana, ita ce kuma wurin hira da shan iska. Maginan gargajiya sun daɗe da sanin cewa hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa suke ƙara wa bangon gabas yaɓe da makuba. Wannan ilimi bai tsufa ba, ko da bulo da siminti ake aiki. A dasa dalbejiya ta yamma domin inuwa, amma nesa da bango saboda saiwa.

Ma'aunin cikin gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. Karayar ƙugu kan hana tsoho tafiya har ƙarshen rayuwarsa, kuma sau da yawa a makewayi ko bakin ƙofa ake faɗuwar. Saboda haka ginin ya kasance na ƙasa, ba bene ba. Inda daɓe ya ɗaga, a yi gangara maimakon matakala: kowane hawan santimita 10 yana buƙatar tsawon santimita 120. Ke nan dakali mai tsayin santimita 45 sai an yi masa gangarar mita 5 da santimita 40. Gajeriyar gangara mai tsaye da ake gani a gaban wasu ofisoshi cika umarni ce kawai, mai keke ba ya iya hawanta shi kaɗai. A sa ƙarfen dafawa a ɓangarori biyu, tsayinsa kimanin santimita 90.

Faɗin ƙofa ya kai santimita 90, kuma a cire dokin ƙofa, duk da cewa mun saba da shi. Keken guragu yana buƙatar fili mai faɗin santimita 150 kafin ya juya, a ɗaki da kuma makewayi. Tayil mai sheƙi yana burge baƙi ranar buɗe gini, amma da ya jiƙe santsi yake yi. Daɓen siminti mai ɗan kaushi ya fi shi aminci. Tsugunno yana wahalar da mai ciwon gwiwa, don haka a gina masai na zama mai tsayin santimita 45 zuwa 48, da ƙarfen dafawa da aka kafe cikin bango, da famfo ko wurin ajiye buta a inda hannu zai kai. Ƙofar makewayi ta buɗe ta waje, saboda idan mutum ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta. Wurin alwala ma a yi masa mazauni. Fitilar sola a baranda da hanyar makewayi wajibi ce, domin tsofaffi suna yawan tashi cikin dare.

A ware sashen maza da na mata, kowanne da tsakar gidansa, da zaure na karɓar baƙi, da ɗakin mai kula a tsakiya inda zai ji kira. Madafa da wurin ajiye gas ko itace su yi nesa da ɗakunan kwana. Kowane sashe ya samu mafita biyu, kuma kada a toshe dukkan tagogi da ƙarfen da ba ya buɗuwa.

Magidanci da ke riƙe da tsohonsa a gida zai iya ɗaukar abu uku daga cikin waɗannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: gyara bakin ƙofa, ƙarfen dafawa a makewayi, da fitila. Su kuwa jami'an ƙaramar hukuma, su tabbata an gabatar da taswira ga hukumar tsara birane kafin fara aiki, an kuma sanya kuɗin yasar kwata, kwashe masai da gyaran rufi cikin kasafin kowace shekara, a yi su kafin faɗuwar damina.