Tsohuwar Mota a Ƙasar Gumel: Tarihin Sayenta da Riƙonta

Ƙasar Gumel, wadda ake yi wa kirari da Lautai, tana arewacin Jihar Jigawa, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. A tsarin mulki na yanzu ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙasa ce mai rairayi da zafin rana, mutanenta kuwa galibi manoma ne da makiyaya da fatake. Wanda duk ya tsaya a Maigatari ran Alhamis, ranar da kasuwar dabbobi ke ci, ya dubi motocin da ke shigowa da kaya da mutane, da wuya ya ga wadda aka saya sabuwa. Waɗansu ma sun girmi masu tuƙa su.

Wannan al'amari ya daɗe. In an bi tarihi za a tarar, ban da 'yan shekaru kaɗan na arzikin man fetur, mota ta saba isowa wannan ƙasa bayan ta yi wa wani bauta a wani wuri. Abubuwa uku ne kuwa suka riƙa yanke irin wadda za ta daɗe a hannun mai ƙaramin ƙarfi: halin hanya, da samuwar kayan gyara, da dokokin kan iyaka. Bisansu duka akwai bakanike, wanda in babu shi babu wannan tarihi.

Zamanin Gyaɗa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a bayanta. Daga baya aka ja reshe daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Tashar Gagarawa ita ce ta zama ƙofar ƙasar Gumel ga jirgi. Amma jirgi ba ya barin dogo, sai an kai masa kaya. Da fari jakuna da raƙuma da takarkarai suke wannan aiki, sa'an nan manyan motoci suka shigo a hankali, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Motocin wancan zamani na Ingila ne, irin su Bedford da Austin. Kamfanonin Turawa, kamar U.A.C. da John Holt, su ke kawo su, galibi inji da ƙashin mota kaɗai, kafintoci su ɗora musu bodin katako a nan gida. Sabuwa sai manyan attajirai masu lasin sayen gyaɗa, da En'e, da sarakuna. Ƙaramin ɗan kasuwa na ƙauye yakan jira har babban attajiri ya ci moriyar mota ya gaji da ita, sa'an nan ya saye ta, sau da yawa da biya kaɗan-kaɗan, ya dogara ga kakar gyaɗa ta fid da shi.

A wannan zamani direba shi ne bakaniken farko. Tsakanin Gumel da Kano akwai kimanin kilomita 120, hanya kuwa ta burji ce da rairayi, in mota ta mace a daji babu wanda za a kira. Saboda haka kowane direba yakan tafi da akwatin kayan aiki, da galan na ruwa, da kayan faci, da yara biyu ko uku. Yaron mota, wanda aka fi sani da karen mota, shi ke sa wejin taya a hawa, shi ke juya hannun tayar da inji, shi ke haƙa rairayi in ta kafe. Ya yi shekaru yana wannan kafin a ba shi sitiyari. Da yawa daga cikin kanikawan farko daga nan suka fito, waɗansu kuwa daga ma'aikatun ayyuka na En'e da na Gwamnati, inda aka koya musu aikin inji bisa ƙa'ida.

Zamanin Fijo

Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, daidai da maƙwabtanta rainon Faransa. A lokacin an ɗauki abin batun dokar hanya kawai, amma ya yi tasiri mai nisa. Daga ranar, motar da aka ƙera don Faransa ko Jamus ko Beljiyam ta dace da hanyoyin Nijeriya ba tare da an taɓa sitiyarinta ba, motar Damagaram kuma ta zama ɗaya da ta Gumel.

Bayan haka kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1975. Cikin wannan shekara kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, haka kuma Volkswagen a Legas. Gwamnati ta mai da Fijo 504 motar aikinta, ma'aikata kuma suna samun bashin mota ana cirewa daga albashi. Wannan ne kaɗai lokacin da malamin kwaleji ko akawun ofis ya iya shiga kanti ya fito da mota sabuwa fil. Gumel ta ga rabonta na wannan, don kuwa cikin shekarun nan aka kafa mata babbar kwalejin horon malamai, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa bayan an ƙirƙiro jihar a 1991.

Fijo ta karɓu a ƙasar rairayi saboda dalilai bayyanannu. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta suna jure gargada, injinta kuma na kafireto ne, wanda bakanike zai kwance a gindin bishiya ya wanke da fetur ya mayar. Bugu da ƙari, tun da ana harhaɗa ta a Kaduna, ga ta kuma ko'ina a Nijar, kayan gyaranta ba su yanke ba. A-kori-kura ƙirar 404 da 504 ta zama jakar ƙauye, tana kai gero da wake da mutane kasuwa. Motar kuwa takan bi hannu-hannu: daga ofishin Gwamnati zuwa gwanjo, daga mai gwanjo zuwa ɗan haya na birni, in ta tsufa a can ta gangaro hanyoyin ƙauye. Kaduna ta ci gaba da fid da 504 har wajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina.

Zamanin 'Yan Kwatano

Arzikin bai daɗe ba. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira. Naira da ta kusa yin daidai da dalar Amurka, kafin ƙarshen shekarar sai da dala ɗaya ta haura naira 3, ta kuma ci gaba da hawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun harhaɗawa suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya cike gurbin shi ne tsofaffin motocin Turai. Akan loda su a tashoshin jiragen ruwa irin na Antwaf a Beljiyam, shi ya sa har yanzu ake ce wa kayan gyara na hannu 'yan Beljiyam. A sauke su a Kwatano ta Jamhuriyar Binin, inda kuɗin fito ya fi na Legas sauƙi. Da yawa akan rubuta su a kan za su Nijar ne, a koro su ta Faraku da Gaya zuwa Konni ko Maraɗi ko Damagaram, daga can su juyo kudu su shigo Nijeriya, waɗansu ta ƙofa da takardun kwastan, waɗansu ta ɓarauniyar hanya. Ta haka garuruwan kan iyaka, har da Maigatari, suka zama mashigar mota, alhali a da daga Kano take zuwa musu.

Irin motar ma ta sake. Golf ta uku, wadda Jamus ta fara ƙerawa a 1991, da Sharan ta 1995, da bas ƙirar Hiace da J5, su suka gaji Fijo wajen haya. Kanta da tireloli suka ɗauki jigilar shanu da riɗi da zoɓo daga Maigatari. Dalilin karɓuwar Golf bai bambanta da na Fijo ba: ba ta shan mai da yawa, kayanta sun cika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kowane gareji kuma ya san cikinta.

Gwamnati ta sha sa hannu. Tun farkon shekarun 2000 ta riƙa ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, tana sauya adadin lokaci lokaci. Daga 1 ga Janairu, 2017, ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Agusta 2019 ta rufe iyakokin, a Nuwamban shekarar ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa masu motocin Maigatari hannun 'yan bumburutu. Ran 16 ga Disamba, 2020, aka buɗe iyakoki huɗu, Maigatari na cikinsu. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Kowace irin wannan doka takan tsawaita ran motar da ke hannu, gama in sayen wata ya yi wuya, tilas a yi ta lallaɓa wadda ake da ita.

Dabarun Riƙo

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Mai sayen tsohuwar mota yakan tafi da bakanikensa, a tayar da inji da sanyin safiya a saurara, a dubi hayaƙin salansa, a leƙa ƙarƙashi a ga ko tana ɗigar mai. Hayaƙi mai shuɗi alama ce inji na ƙona baƙin mai, garambawul ya kusa. Sa'an nan a dubi takardu, don motar da ba ta da na kwastan araharta tana iya ƙarewa a shingen farko. Kuɗin saye kuwa sau da yawa daga adashi yake fitowa, ko sayar da shanun huɗa, ko amfanin kaka.

Abokan gaban mota a wannan ƙasa uku ne: ƙura da zafi da lodi. Ƙurar hunturu in ta wuce matatar iska takan cinye cikin inji kamar dutsen niƙa, don haka mai lura ba ya wasa da kaɗe matata da juyen baƙin mai a kan lokaci. Zafin bazara yana neman lagireto mai tsabta, ruwan rijiya kuwa yana barin tsatsa da dasashi a cikinsa. Game da lodi, kanikawa sukan ƙara wa mota sifirin don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, nauyin ya koma kan taya da birki. A cikin rairayi direbobi sukan rage iskar taya don ta shimfiɗu kada ta nutse.

Ba dukan dabarun ne ke da kyau ba. An saba cire ƙarfen da ke daidaita zafin ruwan inji, da zaton ƙasar sanyi aka yi wa shi, alhali cire shi yana ƙara shan mai da cin inji. Tsohuwar taya da ta gama kwanakinta a Turai, in ta gamu da kwalta mai zafi da lodi fiye da kima, takan fashe, an kuwa yi asarar rayuka da yawa ta wannan hanya. Ɗan haya da ke biyan mai mota balas kullum yakan ɗage gyara zuwa gobe, har ƙaramin ciwo ya zama babba. Araha ba ta ado, wani lokaci ma takan ci rai.

Halin da Aka Shiga

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Lita da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Darajar naira ta sake faɗuwa, kayan gyara suka yi tsada. Ma'aikata da dama suka jingine motocinsu suka koma babur ko motar haya.

Akwai kuma wata matsala da ta fi tsada zurfi. Motocin da ke tsufa a Turai da Amurka yanzu, waɗanda su ne za su iso ƙasar Gumel nan gaba, kwamfuta ce ke sarrafa mai da wutarsu. Bakaniken da ya koyi aiki da kunne da hannu ba ya jin ciwonsu sai da na'urar bincike, karanta abin da na'urar ta nuna kuwa yana bukatar ilimin boko. Waɗansu sukan cire na'urar feshin mai su sa kafireto don su mai da mota irin wadda suka sani, amma wannan dabara ba ta yiwuwa ga sababbin ƙira. In gyara ya koma sai an ja mota zuwa Kano, mai ƙaramin ƙarfi a Sule Tankarkar ko Gagarawa ba zai iya riƙe ta ba, kuɗin kai hatsi kasuwa da kai majinyaci asibiti kuma zai ƙaru a kan talaka.

Ayyuka biyu ke nan a gaban malamai. Na farko, makarantun koyon sana'a da kwalejojin da ke horar da malamansu su buɗe ƙofa ga yaran gareji, a koya musu lantarkin mota da karatun na'ura da harshen da suke ji, ko da da yamma ne bayan an tashi aiki. Na biyu ya shafi masu nazarin Hausa. Kalmomi irin su garambawul da lagireto da kafireto da a-kori-kura da gingimari shaida ce ta yadda harshe ya karɓi baƙon abu ya mai da shi nasa, akwai kuma ɗaruruwan irinsu a bakin tsofaffin direbobi da kanikawa waɗanda ba su shiga ƙamus ba. Waɗanda suka yi karen mota a zamanin jigilar gyaɗa zuwa tashar Gagarawa sun yi ƙaranci ƙwarai, ya kamata a same su a rubuta abin da suka sani tun suna da rai.