Asalin Igwa Ukun da Suka Yi Tsaron Mashigin Oslo

Birnin Oslo, hedikwatar ƙasar Norwe, yana can ƙuryar wani dogon zirin teku. Duk jirgin ruwan da zai shige shi sai ya ratsa ta wani matsatsi daura da garin Drobak, inda tsibirai biyu suka tsaya a tsakiyar ruwa kamar zaure a bakin gida. Mutanen ƙasar sun daɗe da gane cewa wanda ya riƙe wannan wuri ya riƙe birnin, shi ya sa a tsakiyar ƙarni na 19 suka gina sansanin igwa a kan tsibiran. A 1855 aka raɗa masa suna Oskasbog, don girmama Sarki Oska na Ɗaya, wanda yake sarautar Suwidin da Norwe a haɗe.

Ba su tsaya nan ba. Suka yi ta zuba duwatsu a hanyar yamma har suka tayar da katanga a ƙarƙashin ruwa, ya zama babban jirgi ba shi da mabi sai hanyar gabas, daidai bakin igwa. A 1893 kamfanin Krupp na Jamus ya ƙera musu manyan igwa uku, faɗin bakin kowacce santimita 28. An ce wajen sauke ɗaya daga jirgi ta suɓuce ta faɗa ruwa, da ƙyar aka tsamo ta, sai sojoji suka sa mata Musa. Sauran biyun suka zama Haruna da Yusha'u. Wajen 1901 kuma aka gama fafe dutsen tsibirin arewa, aka ɓoye wurin harba tofido, wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa.

Daga nan sai shiru, shekara kusan arba'in. Igwa suka tsufa, aka mai da wurin makarantar horon kurata.

Daren 9 ga Afrilu 1940 jiragen yaƙin Jamus suka kutso zirin ba fitila ko ɗaya. Na gabansu shi ne Bulusha, sabon jirgi fil, ɗauke da sojoji da ma'aikatan da za su kama Sarki Hakon na Bakwai su karɓe mulki kafin gari ya waye. Kwamandan sansanin, Kanal Birga Eriksen, dattijo ne mai shekara 64, ritaya ta ƙarato. Yawancin yaransa kurata ne da ba su wuce mako guda da zuwa ba, ƙwararrun hannu kuwa ba su isa igwa uku ba, har masu dafa abinci aka taso daga barci suka kama ɗaukar harsashi. Igwa biyu aka iya harbawa, kowacce harbi ɗaya, don babu lokacin sake ɗuri. Babu umarni bayyananne daga sama, kuma bai tabbatar da jirgin wace ƙasa ne ke tafe ba. Dokar aiki ta ce a fara harbin gargaɗi. Dattijon ya san idan ya ɓata harsashi a kan gargaɗi ya ba da birnin ke nan, ya kuma san idan ya yi kuskure kotun soja ce makomarsa. Ni a ganina nan ne jarumtakar take, domin ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai cikin duhu ya fi harbin kansa wuya.

Ƙarfe 4:21 na asuba ya ce a buɗe wuta. Harsashi biyu, kowanne kilo 255, duka suka samu jirgin, wuta ta kama. Ƙananan igwa na gaɓar Drobak suka rufe shi da ruwan wuta. Yana ta jan jiki zai wuce sai ya faɗa gaban wurin tofidon nan da Jamusawa ba su yi lissafi da shi ba. Mai kula da wurin a daren, Andiriyas Andasen, tsohon hafsa ne da ya daɗe da ritaya, aka kira shi ya riƙe wa wani mara lafiya. Ya saki tofido biyu masu shekara arba'in, duka suka fashe a jikin jirgin. Bayan kamar awa biyu Bulusha ya kife ya nutse, ɗaruruwan mutane suka halaka. Sauran jiragen suka juya da baya.

Wannan jinkiri ne ya ba Sarki da gwamnati da 'yan majalisa damar ficewa daga Oslo, aka kwashe zinariyar baitulmali, kimanin tan 50. Sarki ya ƙi amincewa da gwamnatin 'yan amshin shatan Jamus ta wani ɗan ƙasar mai suna Kwislin, a watan Yuni ya ƙetare Ingila, ya ci gaba da jagorancin ƙasarsa daga Landan har 1945.

Shi kuwa sansanin, jiragen sama sun wuni suna yi masa ruwan bam, washegari 10 ga wata Eriksen ya miƙa shi, tunda Oslo ta riga ta faɗi. Bayan yaƙi aka ba shi babbar lambar yabon soja ta ƙasar. Wurin tofidon bai daina aiki ba sai 1993, yanzu kuwa sansanin gidan tarihi ne da ake zuwa a jirgin fito daga Drobak.